Suma'ila Mai Sa wa Haruffa Takalmi

Idan ka bi lungun dukawa a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da sassafe, kafin rana ta hau kan duwatsu, za ka tarar da wani dattijo zaune kan buhu a ƙofar gida, gwangwanaye kewaye da shi kamar mai tallar magani. Ba magani yake sayarwa ba. Buroshin fenti yake wankewa. Zai tsoma ɗaya cikin kananzir, ya matse, ya taje gashin da farcen babban yatsa, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ajiye, ya ɗauki wani. Da kansa yake ɗaura su, da gashin akuya da yake karɓowa wajen majema. In ya gama sai ya shafe yashin gabansa da tafin hannu, ya ɗauki kara ya zana harafi guda. Ya kalla, ya share, ya sake. Yana cikin haka Indo matarsa za ta leƙo da kwano a hannu.

"Malam, in ka gama koya wa kaji karatu, ga kokonka yana hucewa."

"Kajin sun fi mutanen gidan nan ganewa," zai ce, ba tare da ya ɗago ba.

Wannan shi ne Malam Suma'ila mai fenti, mai rubuta allunan shaguna da bangon makarantu. Ya jingine tsaninsa bayan shekara arba'in da ɗoriya yana hawa. Duk wanda ya iya karatu a Zinder ya karanta hannunsa ko bai san sunansa ba. Ka tsaya a bakin Kasuwar Dole ka juya kanka sannu a hankali: allon tela, allon farmasi, wato shagon magani, allon mai gyaran agogo, waɗanda haruffansu ke tsaye cak da ƴan ƙafafu a ƙasa kamar mutanen da suka yi shigar zuwa ɗaurin aure, duk nasa ne.

Ni marubucin littattafan hira ne, irin waɗanda ake saya a tasha a karance kafin mota ta isa Maraɗi. Sana'ata neman abin da zai hana mutum ajiye littafi. Na kashe attajirai a shafi na uku, na sa an sace amare, na ɓoye ɓarayi a rijiya. Amma abin da ya faru da haruffan wannan dattijo a shekarar da ta wuce ya ɗaure min kai fiye da duk abin da na taɓa ƙirƙira, kuma ina tsaye aka yi shi. Kafin in kai ku can, bari ku fara sanin haruffan.

Ranar da na fara zuwa wajensa, bangon littafina na farko nake so ya rubuta mini. A lokacin ana rubuta sunan littafi da fenti a kan allo, a ɗauki hotonsa, a kai maɗaba'a. Na faɗa masa sunan littafin. Ya tambaye ni me ke ciki, na ce labari ne na ƙirƙira.

"Wato ƙarya."

"Malam, adabi ake cewa."

"To, Lawali mai ƙarya, dawo jibi."

Sunan da yake kirana da shi ke nan har yau. Da na dawo na tarar da allon a jingine da bango. Na matsa zan duba, ya daka mini tsawa.

"Ina za ka? Shinshinawa za ka yi? Koma baya. Ƙara. Je can gindin bedi."

Daga gindin bedin, wato itacen dogon yaro, na ga abin. Kowane harafi yana da jiki biyu: wani sashe kakkaura kamar yatsa, wani siriri kamar tsinken tsintsiya, kuma ba ka iya nuna inda kaurin ya ƙare sirantar ta fara. A ƙasan kowace ƙafa akwai wani ɗan layi a kwance, mai kaifi a bakinsa. Shi yake kira takalmi. A saman kuma wani ɗan tsini, wannan zanko ne, irin na kan soraye. Harafin O bai tsaya tsaye sak ba, ya ɗan karkata kamar tulun da aka jingine. Ƙafar R ta miƙe gaba kamar mace tana tsallake kwata da sabon zane. Ƙugiyar ƙ da ta ɗ, da wasu ke liƙawa kamar an manta da ita sai daga baya, a wajensa daga jikin harafin take tsirowa ta lanƙwaso a hankali.

Na tambaye shi ina ya samo wannan. Ya ce tun yana saurayi yana dako a inda ake awon gyaɗa, akwai wasu tsofaffin akwatuna na Turawa masu rubutu mai ƙafafu a jiki, shi yake zama yana kwaikwayo da gawayi. Amma na Turawan ya yi masa sanyi, babu rai. Sai ya tuna da alƙalamin kara na makarantar allo, yadda in ka ja shi ƙasa yake kauri, in ka ja shi gefe yake siranta. Ya fere bakin buroshinsa kamar na alƙalami. Zankon kuwa, ya ce, mutumin da ya tashi a Birni ba ya iya ganin saman abu a fili bai ɗora masa ba.

"Takalmin me yake yi?" na ce.

"Yana tsayar da harafi. In babu shi ido zamewa yake yi ya faɗi ƙasa. In akwai, sai ya bi layi daga wannan harafi zuwa wancan har ya gama sunan."

Yana da dokoki, kuma ba ya lanƙwasawa. Wannan rubutu na suna ne, na abin da ake so a gani daga nesa a girmama. Ba ya yin sa ƙarami. Alhajin da ke da farmasi a Zango ya ba ni labari da bakinsa: ya nemi a rubuta masa jerin magunguna a ƙasan allo da irin haruffan sunan shagon, Malam ya ƙi. Ya ce in aka ƙanƙanta su, sirirın layin ɓacewa yake, sai a bar maka sanduna tsaye babu ma'ana. Ya rubuta jerin da wasu haruffa masu kauri ɗaya, marasa ado. Wani direban babbar mota kuma ya yi ta naci a yi masa mai takalmi a bayan mota. Malam ya dube shi ya ce, "Motarka gudu take, laka tana watsa mata. Wa ka taɓa gani ya sa takalmin sallah ya shiga gona?" Ya yi masa wani rubutun dabam, direban ya tafi yana gunaguni, bayan damina ya dawo da abokansa.

Wani mushe, wato malamin boko, da ya yi koyarwa a lakwal a Damagaram Takaya ya ce mini, ranar da Malam ya je rubuta sunan makarantarsu a bango, sai da ya hau ya sauka har mushen ya gaji da kallo. Ya ja layi ɗaya, ya sauko, ya tsallaka hanya, ya tsaya inda iyaye ke tsayawa, ya koma ya gyara. Da ya gama bai yarda ba, sai da ya tare kabu-kabu ya ce a wuce da shi ta gaban bangon da gudu, a dawo, don ya ga ko mai wucewa zai iya karantawa. Mai moton ya ɗauka tsohon ya zautu.

Malam Suma'ila, kai ne ka koya wa garin nan cewa sunan mutum a kan shagonsa sutura ce. Tela mai keke ɗaya ka yi masa rubutun da ka yi wa mai bene, ba ka rage masa ko zanko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mutum ne mai zafin kai, mai baki, kuma ya san ya iya, ba ya ɓoyewa. Shi ya sa abin da ya same shi ya yi masa ciwo ninki. Shekaru kaɗan da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya gaji. Daga baya ko kofin shayi ya ɗauka sai ka ji cokali yana ƙara. A likita aka ce abin tsufa ne, ana rage shi da magani amma ba ya tafiya. Masu shago a layin teloli sun ga ranar ƙarshe. Yana kan tsani yana jan ƙafar R, layin da ya ja sau ba adadi a rayuwarsa, sai buroshin ya yi tsalle ya bar wani karkataccen abu. Ya goge da tsumma, ya sake, ya sake tsalle. Ya tsaya a saman tsanin bai motsa ba. Sannan ya sauko, ya rufe gwangwaninsa, ya ce wa mai shagon ya nemi wani.

Babu wani. Almajiran da ya koya wa duk sun watse, wani ya koma fentin gidaje, wani ya tafi Agadas. Allunan kuwa rana tana cinye su kowace shekara. In suka goge, an gama, don haruffan ba su zauna a ko'ina ba sai a jikin kwanon alluna da bango da cikin hannun da ya daina biyayya.

A nan Rahina ta shigo. Rahina mace ce da ta haura arba'in, tana da shagon buga takardu a Sabon Gari, da injin da ke fitar da manyan allunan leda, waɗanda muke kira bash. Ita ke buga littattafaina yanzu. Kuma in gaskiya za a faɗa, injinta ne ya janye yawancin masu zuwa wajen Malam. Shekaru yana kiranta "mai leda", in ya ga bash ɗinta a titi sai ya kau da kai kamar ya ga mushen jaki. Wata ranar Asabar ta ce in raka ta Birni.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon buroshinsa.

"Baba, na zo roƙo ne. Ina so in sa haruffanka cikin kwamfuta, yadda duk wanda zai buga suna zai iya bugawa da su."

"Kin cinye kasuwar, yanzu kin dawo ɗaukar kwanon."

"Kwanon nake tsoron ya fashe, Baba. Haruffan da ke cikin injina duk na wasu ƙasashe ne. Rabinsu ma ba su da ƙugiya, sai in zauna in liƙa. Kullum mutane suna cewa in yi musu irin na allon telan Zango, ba ni da shi."

"Ki ce musu mai shi bai mutu ba."

"Mai shi zai hau tsani?"

Na ɗauka zai kore mu. Indo ce ta yi magana daga zaure, ba ta ko fito ba.

"Malam, ka amsa mata mana. Zai hau?"

Ya ajiye buroshin. Can ya ce, "Je ki yi. In kika ɓata su, zan zo shagon da kaina."

Tunda ba zai iya zana mata ba, Rahina ta yanke shawarar ɗauko haruffan daga allunan da suka rage. Kuma ta yi abin da duk wanda ya san aikin hoto zai yi. In ka ɗauki hoton abu daga ƙasa, yana fitowa a karkace. Don haka ta ari tsani, wani wajen ta hau rufin mota, wani wajen ta roƙi masu bene su bar ta ta leƙa ta taga, don na'urar ɗaukar hoton ta daidaita da allon ido da ido. Garin nan ya sha kallo: Hajiya guda da mayafi a ɗaure a ƙugu tana saman tsani a bakin kasuwa. Ta tattara A daga farmasi, K daga tela, G daga bangon lakwal. Ta yi makonni tana bin gefen kowane harafi a kwamfuta, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Da ta gama ta buga su duka a babbar takarda, muka ɗauka zuwa Birni kamar masu kai lefe.

Malam ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya danne gefuna da gwangwanaye. Ya miƙe tsaye. Ya ja da baya.

"Waɗannan ƴaƴan wa ne?"

Ni ma na gani. Haruffan sun fito da manyan kawuna da gajerun ƙafafu. B ta kumbura a sama kamar an juya ta. R ta zama wani ƙato mai ƙirji da ƙafar yaro. Kuma ba su yi kama da juna ba: wani kansa ya yi girma sosai, wani kaɗan, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

"Injinki ya tauna su."

"Baba, ban ƙara ko ɗigo ba. Ga hotunan."

Ta miƙa masa wayarta. Ya duba allon farmasin da ya rubuta da hannunsa, a hoto, da manyan kawuna. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Ta ce to a je a gani. Muka ɗunguma Zango a kan moto uku. Muka tsaya a titi muka ɗaga kai: ga allon nan, kyakkyawa, kowane harafi daidai kamar an auna da ma'auni. Muka duba waya: dodanni. Muka ɗaga kai: kyau. Mai farmasin ya fito yana tambaya ko wani abu ya faɗo.

Ku tuna sana'ata. Kafin mu koma gida na riga na tsara dalilai. Na ce ko wani maƙiyi ya bi allunan ya taɓa su. Na ce ko zafin rana ne ya miƙar da kwanon daga sama. Na ce ko gilashin wayar ne ya lalace. Rahina ta ce, "Lawali, don Allah ka bar wannan sai littafinka na gaba." Malam kuwa, da muka isa, ya shige ɗaki. Indo ta gaya mini daga baya kwana biyu bai fito da gwangwanayensa ba.

Rahina ba ta haƙura ba. Ta koma ta hau tsanin farmasi, wannan karon da zare a hannu. Ta auna rabin B na sama, ta ƙulla, ta auna na ƙasa. Na saman ya fi tsawo, a jikin kwanon, ba a hoto ba. Ta je bangon lakwal, wanda ya fi tsayi: bambancin ya fi yawa. Ta je ƙofar wani mai ɗinkin hula inda rubutun yake daidai da fuskar mutum: babu bambanci ko kaɗan. Ta zo Birni da zarurrukanta a hannu, ta jera su a gabansa.

"Baba, duk yadda allo ya ƙara nisa da ƙasa, kana ƙara wa harafi kai. Wanda ke tsaye a titi, saman abu yana yi masa nisa, sai ya gan shi ya gajarta. Kai kuma ka ƙara masa daidai abin da nisan zai cinye. Shi ya sa daga ƙasa suke daidai."

"Ni? Ban taɓa yin haka ba."

"Zaren ne ya faɗa."

"Ni da ke da hannun ban sani ba, sai zare?"

Indo ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya.

"Yo ta ina za ka sani? Ka taɓa aunawa? Hawa kake ka sauko ka tsallaka titi, ka ce bai yi ba, ka koma ka ƙara. Ni da nake shafa maka man zafi a gwiwa na san adadin hawan ya fi na mai kiran salla."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ya ɗauki zaren farmasi ya miƙar da shi tsakanin hannuwansa, yana rawa, yana kallonsa kamar an nuna masa ɗan da bai san ya haifa ba. Sai ya fashe da dariya, har da tari.

"Ashe shekara arba'in ina yi wa mutanen Damagaram ƙarya suna gode mini. Lawali, matso, ashe sana'armu ɗaya."

Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya ga inda maganar ta nufa. Harafin da ke cikin kansa, madaidaicin, kusan babu shi a ko'ina. Allunan ƙasa kaɗan ne, yawancinsu yara sun goge da hannu, awaki sun goga jiki. Bangon littattafaina kuwa an ƙanƙanta su wajen bugawa, tawada ta cike siraran layukan. Dole a zana sabo. Rahina ta ba shi fensir da takarda. Ya ɗora hannu. Fensirin ya yi ta tsalle kamar fara. Ya gwada da hagu ya riƙe dama. Ya ajiye, ya ture takardar.

"An makara, ƴata. Da kin zo shekara biyar baya."

Wannan ne karon farko da ya kira ta da wani abu ban da mai leda. Ta tattara zarurrukanta a hankali. Har ta miƙe, sai ta tsaya.

"Baba, da kake tsallaka titi kana cewa bai yi ba, da hannu kake gani?"

Washegari ta zo da kwamfutarta da igiya. Aka ɗaura igiyar daga bangon gidansa zuwa na maƙwabci, daidai tsayin fuska. Aka kai masa kujera can ƙarshen lungu. Ta buga A babba a takarda ta rataya. Daga can muka ji muryarsa.

"Rage masa wuya! Ƙafar hagu ta yi ƙiba, ba ta jin yunwa ne? Takalmin ya yi gajere, wa zai tsaya a kan wannan?"

Ta gyara, ta aika a bugo, ta sake ratayawa. Haka aka yi ta yi, mako bayan mako, duk ranar da ta samu sarari daga shago. Lungun dukawa ya koma wajen kallo. Masu ɗinkin fata suka riƙa fitowa da aikinsu waje don kada a yi ba su. Har aka rabu gida biyu a kan G: wasu suna cewa gemunta ya yi tsawo, wasu suna cewa haka ya dace da dattijuwa. Wata mai tallar ƙosai da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta tsaya ta ce wancan mai kama da maciji zai faɗi ta baya. Malam ya duba ya ce wallahi gaskiyarta. S ce, kuma ita ta fi ba su wahala. Shi da Rahina sun yi faɗa a kanta har ta naɗe igiyarta ta tafi, ta yi kwanaki ba ta zo ba. Shi ya aika Indo da tuwo a ba ta haƙuri, wai amma a gaya mata S ɗin dai har yanzu ba ta yi ba.

Da aka gama ɗaiɗaikun haruffa na ɗauka an kammala. Ashe saura abin da yake kira iska, wato tazarar da ke tsakanin harafi da harafi. A kusa da W ba kamar A kusa da N ba ne. Sai aka koma rataya kalmomi, yana ihu a matsar, a buɗa. Rahina ta ce mini ta yi shekaru tana danna haruffa a inji, ba ta taɓa kallon fili tsakaninsu ba sai a lungun nan. Shi kuma ya ce bai taɓa sanin ana iya matsar da harafi ba tare da an goge allo duka ba, da ya sani da gwiwoyinsa sun huta.

Iri biyu suka yi. Ɗaya madaidaici, na takarda da bangon littafi da katin biki da duk abin da ake kallo ido da ido. Ɗaya mai ƙarin kai, na allon da za a kafa sama. Ta sa musu sunansa. Sharaɗinsa guda ne, ya sa ta maimaita a gaban dukawa: ba za a buga su ƙanana ba, kuma duk mai maɗaba'ar da ya nema a garin nan a ba shi.

Aikin farko da aka yi da na saman, allon wani sabon ɗakin haihuwa ne a wani ƙauye cikin Gouna. Malam ya ce sai ya gani da idonsa. Muka shiga mota da hantsi, ni da shi da Rahina. Da muka isa an riga an kafa allon a saman ƙofa, fari da rubutu kore. Ya sauka, ya tsallaka hanya ya tsaya inda mata ke jira a inuwa. Rahina tana gefena tana murɗa bakin mayafinta. Ya daɗe yana kallo. Ni dai jira nake in ji me za a rage, me za a ƙara.

Wata tsohuwa da ta rako surukarta awo tana zaune a tabarma kusa da ƙafarsa. Ta bi inda yake kallo, ta sa hannu ta kare rana.

"Wannan ai rubutun mai fentin Birni ne," ta ce wa ta kusa da ita. "Irinsa ne a shagon da mahaifin su Fati yake ɗinki a Zinder. Ko cikin dubu na gan shi na sani. Ashe mutumin nan yana raye?"

Malam ya sunkuyo ya dube ta. Ya dubi allon da hannunsa bai taɓa ba. Ya dubi Rahina a tsallaken hanya.

"Yana nan, Inna," ya ce. "Bai ma daina aiki ba."

Malam Suma'ila, mun gode. Mun gode da hawa da saukar da ka yi don mai wucewa ya ga daidai, alhali shi bai san an yi masa ba. Mun gode da ka zauna a ƙarshen lungu kana ihu, lokacin da zama cikin ɗaki da fushi ya fi sauƙi. Allah Ya sassauta maka wannan hannu, Ya bar maka wannan ido. Rahina, ke ma Allah Ya saka miki, ke da zarenki.

Ku kuma masu karatu, a unguwar kowa akwai wani tsoho ko wata tsohuwa da hannunsu ya san abin da su kansu ba su san sun sani ba. Ba za su gaya muku ba, don in kun tambaya ma musu za su yi. Sai dai ku je ku zauna kusa da su, ku kalla, ku auna, ku jure faɗan. Ku je tun suna iya yi muku tsawa.